Kafin Ka Biya Kuɗin PS ko Xbox a Bauchi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Kamfanonin Wasan Bidiyo Ke Cin Ribarsu

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi fitowa daga bakin masu gidajen gem, da ɗaliban Yelwa da Gwallameji, da iyayen da yara suka matsa wa a saya musu na'ura. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan harka ba ta lalacewar inji ba ce. Ta rashin sanin sharuɗɗan Sony da Microsoft da Nintendo da EA (mai wasan ƙwallo na FIFA da FC) ce, sharuɗɗan da ba don mutumin Najeriya aka tsara su ba. Farashin da muka kawo na dala ne, saboda na naira ba ya zama wuri ɗaya.

Da gaske ne kamfani faɗuwa yake yi a kan na'urar da ya sayar? To ina ribar take?

Gaskiya ne, musamman a shekarun farko. A 2021 wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu a Amurka cewa ba su taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta ba, kuma a 2022 shugaban sashen Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya ce suna ɗora dala 100 zuwa 200 daga aljihunsu a kan kowace ɗaya. PS5 mai cin faifai ta fito a Nuwamba 2020 a kan dala 499, sai a Agusta 2021 Sony ta ce ta daina faɗuwa a kanta. Nintendo ce ta fi son ta ci 'yar ribarta tun daga na'urar.

Ribar tana zuwa ne bayan na'urar ta shiga ɗakinka. Duk wasan da aka saya a shagon intanet na PlayStation ko Xbox ko Nintendo, mai shagon yana cire kashi 30 cikin 100. Wasan dala 70, Sony ta ɗauki 21, wanda ya yi wasan ya karɓi 49. Haka duk ƙananan sayayya na cikin wasa. In wasan na Sony ne da kanta, duka nata ne. Ko faifai ka saya, sai da mai wasan ya biya kuɗin izini kafin a buga shi. Tamkar kasuwa ce mai ƙofa ɗaya, mai kasuwar yana karɓar la'ada a kan duk abin da aka sayar, kuma ba a yarda wani ya kafa rumfa a waje ba. A kwamfuta ba haka ba ne: shagon Steam na cire kashi 30, shagon Epic na cire 12, kana iya zaɓa. A PS5 shago ɗaya ne tak.

In ka riƙe wannan, sauran ɗabi'un kamfanonin duk za su fito maka fili. Burinsu ka zauna a cikin shagonsu shekara bakwai ko takwas kana saye.

A da tsohuwar na'ura tana yin arha. Me ya sa PS5 sai tashi take yi?

PS2 ta fito a 2000 a kan dala 299, a 2009 ta sauko 99. PS4 ta fara da 399 a 2013, siririyar ta zo a 299 a 2016. PS5 ta karya wannan al'ada. A Agusta 2022 an ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu wurare, a Agusta 2025 aka ƙara dala 50 a Amurka. Kamfanonin suna kafa hujja da tsadar kayan haɗi da harajin shigo da kaya. Wasanni ma sun tashi daga dala 60 zuwa 70 tun 2020, kuma Nintendo ta sa wa Mario Kart World dala 80 lokacin da na'urarta Switch 2 ta fito a Yuni 2025.

Namu nauyin ya ninka. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ga kuɗin kwastan, ga ribar ɗan kasuwar Alaba ko Ikeja, ga kuɗin mota zuwa Bauchi, ga ribar mai shago. Don haka wanda ke jiran PS5 ta karye kamar yadda PS2 ta karye, bai kamata ya gina lissafinsa a kan haka ba.

PS5 wadda ba ta cin faifai ta fi mai cin faifai arha. Me zai hana in saye ta?

Kada ka saya, in har a Bauchi za ka yi amfani da ita. Wannan amsar ba mu da shakka a kanta.

Bambancin dala 100 da aka sa tsakanin su biyun a 2020 ba kyauta ba ce. Wanda ba shi da wurin sa faifai ba zai ari wasa ba, ba zai sayi na hannu ba, ba zai yi musaya da aboki ba, ba kuma zai sayar da wanda ya gama ba. Farashin da shagon Sony ya yanka shi zai biya. Faifai kuwa kadara ce: ka gama da shi, ka kai wa mai shago a Wunti, ka cika kuɗi kaɗan ka karɓi wani. Kamfanoni ba sa samun ko sisi a cinikin faifan hannu, shi ya sa suke ta janye mutane daga gare shi. A 2013 Microsoft ta so ta taƙaita sayar da wasan hannu a Xbox One, ta kuma tilasta wa na'urar shiga intanet sau ɗaya kowane awa 24. Jama'a suka yi ca, ta janye. Abin da bai yiwu da ƙarfi ba, yanzu ana yin sa a hankali: Xbox Series S ba ta da wurin faifai sam, PS5 Pro da ta fito a 2024 a kan dala 699 ma haka, sai ka sayi na'urar faifan daban a kan dala 80.

Ga kuma data. Babban wasa yana cin gig 50 zuwa sama da 100, kuma an ƙara kuɗin data a Najeriya bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairu 2025.

Amma abubuwa uku. Na farko, siririyar PS5 mai na'urar faifan da ake cirewa tana buƙatar intanet sau ɗaya don ta yi rajistar wannan na'urar, to a yi haka a shago kafin ka tafi gida. Na biyu, ba kowane faifai ke ɗauke da wasan duka ba. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke kansa bai wuce megabait 72 ba, sauran sai an sauke. Duba bayan kwali, in an rubuta ana buƙatar intanet, ka tambayi gig nawa. Na uku, wasu katunan wasa na Switch 2 makulli ne kawai, babu wasan a ciki, kuma ana rubuta hakan a gaban kwalin.

Na zo buɗe asusun PlayStation ban ga Najeriya a jerin ƙasashe ba. Wace zan zaɓa?

Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ke da shago a hukumance. Shi ya sa kusan kowa a nan asusun Amurka ko Birtaniya yake amfani da shi. Ka san matsayinka tun farko: sharuɗɗan Sony sun ce a ba da adireshin gaskiya, don haka in rigima ta taso hujjarka mai rauni ce. A Mayu 2024 aka ga irin illar wannan, lokacin da Sony ta ce dole masu Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa asusun PlayStation, aka kuma cire wasan daga kasuwa a ƙasashe sama da 170 da ba su da shagon. Ta janye tilascin bayan kwanaki kaɗan saboda ƙorafi.

Ƙasar da ka zaɓa ba ta canzuwa har abada, kuma abubuwa biyu suna rataye da ita. Katin zuba kuɗi mai lamba 12 na Amurka ba ya shiga asusun Birtaniya. Sannan ƙarin kayan wasa da ake saya daga baya dole su dace da yankin faifan. Faifan kansa na'urar kowane yanki za ta karanta shi, amma in faifanka na Turai ne ka sayi ƙarinsa a shagon Amurka, sau da yawa wasan ba zai gan shi ba, kuɗin ya tafi. Gane yanki ba wuya: kwali mai tambarin ESRB na Amurka ne, mai tambarin PEGI da lambar shekaru na Turai ne. Duba irin faifan da ya fi yawa a wurin wanda kake saye, ka buɗe asusun da ya dace da shi.

Wajen buɗewa, yi amfani da imel ɗinka na kanka, ba na mai shago ba. Sa ranar haihuwarka ta gaskiya, don da ita ake tantance mai asusu in an sace. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka rubuta lambobin ko-ta-kwana da za su ba ka a takarda ka adana. Duk wasan da ka saya a intanet yana cikin asusun ne, ba cikin na'urar ba. Wanda ya riƙe imel ɗin shi ne mai kayan.

Game da katin: in ka ga ana sayar da na dala 50 ƙasa da canjin dala 50, ka guje shi. Irin wannan sau da yawa da katin bankin sata aka saye shi, in mai kuɗin ya kai ƙara aka janye kuɗin, asusun da lambar ta shiga ake dakatarwa, wato naka.

Wani yana sayar da sabon FC a rabin kuɗi, ya ce "firamare" ko "sakandare". Mene ne wannan, kuma akwai haɗari?

Sony ta ba kowane asusu damar naɗa PS4 ɗaya da PS5 ɗaya a matsayin na'urarsa ta gida. A wannan na'urar, kowa zai buga wasannin asusun da nasa sunan, ko babu intanet. Mai asusun kuma yana iya shiga wata na'urar ya buga, amma da sunan asusun kaɗai, kuma sai da intanet. An yi tsarin ne don iyali. 'Yan kasuwa suka mayar da shi sana'a: su sayi wasa sau ɗaya, su sayar wa mutum ɗaya gurbin farko, wato firamare, wani kuma gurbi na biyu, wato sakandare.

Ga yadda yake lalacewa. Mai sakandare, da zarar netwok ya yanke na ɗan lokaci, wasan zai rufe, alamar kwaɗo ta fito a kansa. In wani ya shiga asusun a wata na'ura irin taka, kai za a fitar. Mai firamare ya fi samun sauƙi, amma mai asusun yana da ikon shiga shafin Sony ya cire duk na'urori a lokaci guda, sau ɗaya duk wata shida, sannan ya sake sayar da gurbin ga wani. Ranar da na'urarka ta sake shiga intanet, kwaɗo. In kuma Sony ta gano ana cinikin asusun ta rufe shi, duk waɗanda suka saya sun yi asara tare, babu wanda za su kai wa kuka, don cinikin kansa ya saɓa wa sharuɗɗa.

In kwaɗon ya fito a kan wasan da ka saya da asusunka na kanka, wannan ƙaramin abu ne: shiga saitin asusu, danna Restore Licenses, ka tabbatar na'urar tana nan a matsayin ta gida. A PS5 sunan wurin Console Sharing and Offline Play.

Mai gidan gem ya fi kowa shiga haɗari a nan, don ranar Asabar da yamma ɗaki cike ba lokacin neman mai asusu a waya ba ne. Faifai ɗaya ga kowace na'ura ya fi tsada ranar saye, amma babu mai kashe maka shi daga nesa.

PS4 mai hak fa, wadda aka cika da wasanni?

Na'ura ce da aka bar ta a tsohuwar manhaja, kamar 9.00 ko 11.00, aka bi ta wata kafa aka buɗe ta. Wasannin da ke ciki kwafi ne da ba a biya masu su ba, kuma wannan haƙƙin wasu ne, ko da kamfanin yana da arziki. Ta fuskar aiki kuma: ba ta shiga PlayStation Network, wato dandalin intanet na Sony, don Sony ba ta barin tsohuwar manhaja ta shiga. In yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure, buɗin ya tafi, wasannin sun kulle, kuma mai gyara na yau da kullum ba zai iya mayar da ita baya ba. Galibi sai an sake tayar da buɗin duk lokacin da aka kashe ta, abin da ke da wahala inda ake ɗauke wuta sau da yawa a rana. Sony tana toshe waɗannan kafofi a kowace sabuntawa, har tana biyan lada ga masu gano su, saboda kashi 30 ɗin nan take karewa.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne mai shagon da zai sayar wa uba irin wannan ba tare da ya faɗa masa ba, yaro ya je gida yana son buga wasa da abokansa ta intanet, abin ya ƙi. Tambaya ɗaya ta isa: "Tana shiga onlayin?" A gwada a gabanka.

Me ya sa FIFA ta koma FC, PES ta koma eFootball? Kuma yaushe za a sa Wikki Tourists?

EA tana biyan hukumar FIFA kuɗin amfani da sunanta tun 1993. Suka kasa daidaitawa a kan sabon farashi, aka sanar da rabuwa a Mayu 2022. FIFA 23 ce ta ƙarshe, FC 24 ta fito a Satumba 2023. Wasan bai rasa komai ba sai suna da Kofin Duniya, domin lasisin 'yan wasa da na gasanni da na ƙungiyoyi daban ake sayen su, daga ƙungiyar 'yan wasa ta FIFPRO, da Firimiyar Ingila, da La Liga, da UEFA. Shi ya sa a FIFA 20 Juventus ta zama Piemonte Calcio: Konami, mai wasan ƙwallo na PES, ta riga ta saye sunan ita kaɗai.

Wikki Tourists da Gombe United ba za su shiga FC ba sai ranar da aka ƙulla yarjejeniyar lasisi da gasar Najeriya, kuma EA tana duba yawan masu sayen wasan da kuɗinsu a ƙasa kafin ta kashe wannan kuɗi. Ƙasar da ba ta da shago a hukumance, cinikin mutanenta a lissafin Amurka da Birtaniya yake shiga. In ka ga ƙungiyoyin gida a cikin PES, masu sha'awa ne suka ƙara su da hannu.

Konami kuwa ta daina sayar da PES duk shekara, a Satumba 2021 ta fitar da eFootball kyauta, tana neman kuɗinta a sayen 'yan wasa ta intanet. Wanda ke son mutum biyu su zauna gaban talabijin ɗaya ba shi ne abokin cinikin da aka nufa ba. Dalilin ke nan har yau PES 2021 ke rayuwa a gidajen gem da yawa.

Sayen sabon FC duk shekara ba dole ba ne ga mai bugawa a gida. Ga gidan gem kuwa, samari suna son ganin ɗan wasa a sabuwar ƙungiyarsa, to ka sa sabon a na'ura ɗaya ko biyu, sauran su ci gaba da na bara.

Ɗana kullum yana neman kuɗi wai zai buɗe fakiti, ko zai sayi daimon. Ni na ɗauka na riga na biya kuɗin wasan.

Alhaji, kun biya kuɗin shiga ne kawai. A cikin FC akwai sashe mai suna Ultimate Team, inda yaro ke haɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa. Yana sayen maki da kuɗin gaske, ya sayi fakiti da makin, ba tare da ya san wa ke ciki ba. Fitaccen ɗan wasa yana iya fitowa, amma a mafi yawan lokaci ba ya fitowa, a wasu katunan damar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan sabon wasa ya fito a watan Satumba, katunan bara ba sa biyo shi, a fara daga farko. A shekarar kuɗi ta 2021 wannan sashe a wasannin EA ya kawo dala biliyan 1.62, kusan kashi 29 na duk kuɗin da kamfanin ya samu.

Mu a ganinmu wannan ya yi kama da caca ƙwarai: ka ba da kuɗi tabbas, ka karɓi abin da ba ka sani ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi caca a 2018, EA ta daina sayar da makin a can a Janairu 2019. Hukuncinsa a addini kuwa malamai za ku tambaya, amma ku bayyana musu yadda abin yake aiki dalla-dalla.

A waya ma haka ne: daimon a Free Fire, UC a PUBG Mobile, CP a Call of Duty Mobile. Ana mayar da kuɗi wani abu mai wani suna don kada yaro ya ji nawa ya kashe, kuma ana tsara adadin yadda kullum ɗan canji zai rage, wanda bai isa sayen komai ba sai an ƙara. A Disamba 2022 Epic, masu Fortnite, sun amince su biya dala miliyan 520 a Amurka, 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka sa suka yi sayayya ba da niyya ba.

Abin yi: kada ku bar katin bankinku a kan na'ura ko wayar yaro. Ku buɗe asusu da sunanku, ku buɗe wa yaron asusun yara a ƙarƙashinsa ta Family Management, ku bar iyakar kashe kuɗi ta wata a kan sifiri, ku sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye. A wayar Android ma akwai wannan a saitin Play Store. Tambarin kwali na wasannin zamani yana faɗin ko akwai sayayya a ciki, har da irin ta sa'a. Ku kuma duba lambar shekaru: GTA V a tambarin PEGI ta 'yan 18 ce zuwa sama, ko da kun gan ta a hannun yara.

Dole ne in biya PS Plus ko Game Pass?

PS Plus na Sony da Game Pass na Microsoft rajista ce da ake biya lokaci-lokaci, don buga wasa ta intanet da samun wasu wasanni. In kai da abokinka za ku buga a ɗaki ɗaya, ba ka buƙata. In za ka buga FC ko GTA da mutane ta intanet, dole. A zamanin PS3 kyauta ne, da PS4 aka fara karɓar kuɗi a 2013. Wasannin da ake saukewa kyauta, irin su Fortnite, Warzone da eFootball, ba sa buƙatarsa.

Wasannin da ake "ba ka" duk wata haya ce: ranar da biyanka ya ƙare sun kulle, sai ka sabunta. Farashin kuma ya sha hawa. PS Plus mafi ƙanƙanta na shekara ya tashi daga dala 60 zuwa 80 a Satumba 2023, Game Pass Ultimate ya kai dala 30 a wata a Oktoba 2025. Game Pass yana da amfani ga mai intanet marar iyaka. Ga mai sayen data gig-gig, kuɗin saukewa zai cinye ragin. Da zarar ka biya, shiga saitin biyan kuɗi ka kashe sabuntawa ta kai tsaye, don a kunne take zuwa.

Wasan da na saya zai iya ɓacewa?

Zai iya. Abin da ka saya a intanet lasisi ne, izinin amfani. Ubisoft ta kashe sabar wasanta The Crew, wato kwamfutar kamfani da wasan ke haɗuwa da ita ta intanet, a ƙarshen Maris 2024, wasan ya mutu gaba ɗaya har ga masu faifai, don ba ya tashi sai da sabar. Wannan ne ya haifar da yunƙurin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. EA ma takan kashe sabar tsofaffin FIFA bayan 'yan shekaru, amma su wasan mutum biyu a gida yana ci gaba. Shagon Xbox 360 ya rufe a Yuli 2024, na 3DS da Wii U na Nintendo a Maris 2023. Abin da ka saya a da kana iya sake saukewa, sabon saye ne babu.

Kafin ka sayi kowane wasa, tambayi ko yana tashi ba intanet. Gwajin mai sauƙi ne: cire na'urar daga netwok, kunna wasan.

Fad ɗina, wato abin riƙewa a buga wasa, yana tafiya da kansa. Na jabu aka ba ni?

Ba lallai ba. Na asali ma yana yi. A ƙarƙashin kowace sandar akwai ƙananan na'urori biyu masu auna motsi ta hanyar gogayya, suna cinyewa da amfani, ƙurar hunturu kuma tana gaggauta abin. A gidan gem da ake buga ƙwallo daga safe har dare, 'yan watanni sun isa. Akwai irin da ke aiki da maganaɗisu wanda ba ya gogayya, amma Sony da Microsoft ba sa sa shi a fad ɗinsu na yau da kullum. Sony ta fitar da DualSense Edge a kan dala 200, wanda ake canza masa sanda a kan dala 20.

Gyaran bai kai sayen sabo ba. A fara da buɗewa a wanke da sifirit na gyaran waya, in bai daina ba mai gyara ya cire sandar da dalma ya sa sabuwa. In mai maganaɗisu aka sa, sai an daidaita tsakiyarta a kwamfuta, in ba haka ba za ta karkata. Ka kuma sani fad ɗin PS4 ba ya buga wasannin PS5, sai na PS4 da ke kan PS5. Tun Nuwamba 2023 Xbox ma tana toshe kayan da ba ta ba lasisi ba.

Na sayi wasa a shagon intanet bisa kuskure. Za su mayar min?

A PlayStation kana da kwana 14, muddin ba ka fara sauke shi ba. Ka fara, ya zama naka, sai in wasan ne ke da matsala. A Steam kwana 14 ne, kuma kada ka buga shi ya kai awa 2. Kada ka sa bankinka ya janyo kuɗin da ƙarfi. Sony tana dakatar da asusu a kan haka, tare da duk wasannin da ke ciki, har sai an biya.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba, tunda babu garanti?

Garantin Sony na shekara ɗaya a yankin da aka sayi na'urar yake aiki, don haka naka garantin shi ne kwanakin gwaji da mai shago ya ba ka. A rubuta su a rasit tare da lambar jikin na'urar.

Kafin ka biya, haɗa ta da intanet ɗin wayarka ka shiga da asusunka. Na'urar da Sony ta haramta wa shiga ba ta da magani, kuma ba a gane ta a ido. Sa faifai ka bar wasa mai nauyi ya yi rabin awa, ka saurari fanka. Motsa wayar HDMI a hankali, in hoto ya ɗauke ramin ya kusa mutuwa. Wasannin da ke ciki, tambayi a asusun wa suke. In ba naka ba ne, kada ka biya ko naira ɗaya a kansu.

Kada ka yarda da maganar "faifai ne kawai ba ta ci, sauran lafiya". A PS4 na'urar faifan an ɗaure ta da babban allon injin tun daga kamfani. In allonta ya mutu, ko aka sa na wata, na'urar tana iya ƙin karɓar sabuntawa, ta nuna lambar kuskure SU-42118-6, ta maƙale. Mai gyaran da ya san aiki yana canza idon karatu ko injin juyawa ne, ya bar allon asali.

PS4 da PS5 suna ɗaukar wuta daga bolt 100 zuwa 240, amma tsohuwar Xbox One da Xbox 360 masu tubalin wuta a waje, in na Amurka ne 110 yake so, ka sa shi a tamu ya ƙone. PS5 tana jan wajen wat 200 lokacin wasa, siririyar PS4 ba ta cika kai rabin haka ba, to mai na'ura huɗu da talabijin huɗu ya yi lissafin janaretansa ko inbatansa da wannan. Kada a bar na'ura a yanayin barci inda wuta ba ta da tabbas, a kashe ta gaba ɗaya. In an ɗauke wuta tana aiki ta dawo tana nauyi, kashe ta, riƙe maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7, haɗa fad da waya, zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge komai. Waɗanda ke ƙasa da shi masu ɗauke da Initialize ko Reset su ne masu share na'urar tas. A watannin Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, a fitar da ita daga cikin kabad, a bar mata sarari kamar tafin hannu ta kowane gefe, a kuma buɗe a share ƙurar fanka da zarar hunturu ya wuce.